Kundin zagayen gaɓar Siri Lanka: allo ɗaya, taswira ɗaya

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023, Kolombo

Yau na manna taswirar tsibirin a bangon ɗakina, na sayi jan biro. Wata uku ke nan da kamfaninmu ya turo ni nan don harkar ganyen shayi, kuma duk tsawon lokacin nan iyakata da teku in tsaya a filin Galle Face da yamma, in sayi ƙosan jatan lande, in kalli yara suna sakin filfilon takarda sama. Ruwa na gabana kullum, ban taɓa tsoma ko ɗan yatsa ba.

Abu biyu na ɗaura wa niyya kafin kwantiragina ya ƙare. Duk wani yanki na gaɓa da na gani da idona zan ja masa jan layi a taswirar nan har layin ya haɗe. Sannan zan koyi hawan taguwar ruwa a kan allo, irin wanda Turawa ke ƙetaro duniya su zo yi. Tsibirin bai kai jihar Borno girma ba, amma gaɓarsa ta haura kilomita 1,300, wato ta fi nisan Legas zuwa Kano a mota.

Wani abokin aikina ɗan ƙasar ya dubi taswirar a hoto ya ce kada in fara ta gabas. Wai teku a nan yana da damina da rani kamar gona. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kudu da yamma ne ke hawuwa, daga Mayu zuwa wajen Oktoba kuma sai gabas. Ban gane dalili ba tukuna, na dai rubuta.

Iya ruwana na kududdufi ne da na madatsar Tiga lokacin makaranta. Za mu ga inda zai kai ni.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, Weligama

Jirgin ƙasa daga tashar Fort yana bin gefen teku kamar an ɗinka shi a jikinsa. Akwai wuraren da feshin ruwa ke taɓa taga. Na tsaya a bakin ƙofa, don ba a rufe ta, na ga Kalutara, na ga Beruwala, na ga Bentota inda kogi ke shiga teku. Ban yarda in ja layi a kan abin da na gani daga jirgi ba sai na sake shawara da kaina. A ƙarshe na ja, amma da ɗigo-ɗigo.

Weligama a harshen Sinhala na nufin ƙauyen yashi, kuma sunan ya dace. Faffaɗan lungu ne na teku, ƙasansa rairayi zalla, babu dutsen da zai fasa wa mai koyo kai. Shi ya sa makarantun koyon suka jeru a bakin ruwa kamar rumfunan masu shayi. Na samu malami, wani saurayi da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, siriri, baƙi wuluk saboda rana. Aiya yake ce mini, wato yaya.

Allon da ya ba ni na soso ne, tsawonsa ƙafa takwas. Akwai igiya da ake ɗaura wa a idon sawu don kada allo ya gudu ya bar mutum, ni dai talala na sa mata suna. Muka yi rabin awa a kan yashi ina kwanciya rub-da-ciki ina zabura in tsaya, har mutane na kallo. A yashi na iya. Da muka shiga ruwa sai komai ya zube. Kumfa kawai yake tura ni a kai, ragowar taguwar da ta riga ta fashe, amma sau goma sha ɗaya na faɗi kafin in tsaya na daƙiƙa uku. Ruwan gishirin da na sha ya ishe ni miyar wata guda.

Abin da ba wanda ya gaya mini: wahalar ba a tsayuwa take ba, a tuƙi da hannu take. Kafaɗuna yanzu kamar na yini ina daka.

Asabar, 2 ga Disamba

Weligama kuma. Na tsaya sau shida. Haƙarƙarina ya yi tabo, gwiwa ta saɓule. Hajiya ta kira da dare, na yi kuskuren gaya mata. Ta ce, "Shayi aka tura ka saye ko wasa da ruwa?" Na ce ku yi haƙuri Hajiya, ruwan iya gwiwa ne. Allah ya yafe mini wannan.

Lahadi, 10 ga Disamba

Yau na ga abin da ya sa ake cewa iya ruwa fidda kai. Na shiga ni kaɗai kafin malamina ya iso, ta wani wuri da na ga ya fi lafawa, babu kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Ashe nan ne hanyar da ruwan da taguwa ta turo gaɓa yake bi ya koma. Kafin in ankara rumfunan bakin ruwa sun ƙanƙance. Na juya allo ina tuƙi iya ƙarfina zuwa gaɓa, ko taku ɗaya ban ci ba.

Wani dattijon Bature ne ya matso a kan allonsa ya nuna mini gefe da hannu. Na bi gefe, ban yi minti biyu ba na fita daga jan, kumfa ta kawo ni yashi. Da malamina ya ji labari bai yi dariya ba. Ya zaunar da ni ya zana a ƙasa: mashigar ruwan siririya ce, ba a jayayya da ita, gefe ake bi. Ya ce su gwanaye da gangan suke shigarta don ta kai su waje ba tare da sun gaji ba. Ya kuma kafa mini doka, minti goma na kallo kafin in jiƙa ƙafa, kullum.

Talata, 26 ga Disamba, Peraliya

Ban hau ruwa ba yau. Ranar cikar wata ce, abin da suke kira poya, kuma kowane wata hutu ne a ƙasar nan. Ranar 26 ga Disamba, 2004 ma poya ce, shi ya sa jirgin da ya tashi daga Kolombo zuwa Matara a safiyar nan ya cika maƙil da masu zuwa gida. A nan Peraliya, kusa da Hikkaduwa, igiyar tsunami ta farko ta tsayar da shi. Mutanen ƙauye suka gudu suka hau jirgin, wasu suka fake a bayansa, suna ganin ƙarfe zai kare su. Ta biyu ce ta ɗauke taragun. Fiye da mutum dubu suka rasu a wannan wuri kaɗai, a ƙasar baki ɗaya kuwa sama da dubu talatin.

Da ƙarfe 9:25 aka yi shiru na minti biyu, haka ake yi duk shekara. Akwai wani dogon gunkin Buda a tsakiyar wani ɗan tafki da aka kafa don tunawa, yana fuskantar teku. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin dogon kansa. Shi ne wanda nake bi duk Asabar ina leƙe ta ƙofa ina jin daɗin iska. Na auna da ƙafa daga layin zuwa bakin ruwa, tafiyar 'yan mintoci ce, kuma ƙasar shimfiɗe take kamar faranti.

Da yamma na zauna a Hikkaduwa na kalli masu hawa. A nan kan murjani taguwa ke fashewa, ba wurina ba ne tukuna. Manyan kunkurun teku suna zuwa har inda ruwa bai wuce cinya ba, 'yan yawon buɗe ido na miƙa musu ciyawar ruwa.

Litinin, 15 ga Janairu, 2024, Galle

Kwana uku na samu saboda bikin Pongal na Tamilawa. Na ba Galle yini guda, kuma ta cancanci fiye da haka. Mutanen Fotugal ne suka fara kafa ganuwar garin a 1588, 'yan Holan suka ƙwace garin a 1640 suka gina wadda ake gani yanzu da dutse da murjani. Kaurinta ya sa a 2004 ruwa ya yi ɓarna a tashar mota da kasuwar da ke waje, cikin ganuwa kuwa abin ya zo da sauƙi. Mutumin da ya tashi yana ganin badalar Kano tana zaizayewa dole ya ɗan yi shiru idan ya ga yadda ake kula da wannan.

Na yi azahar a masallacin Meeran da ke ƙuryar ganuwa, daura da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Fari ne tas, an gina shi a 1904, kuma in ba don jinjirin wata da rubutun Larabci ba sai ka rantse coci ne. Musulmi sun daɗe a wannan gaɓa, fatauci ne ya kawo kakanninsu. Ibn Battuta ya zo tsibirin a 1344, ya hau dutsen da ake cewa sawun Annabi Adamu na bisansa, ya sauko ya biyo ta kudu, ya ambaci garin nan da sunan Ƙali. Shekara takwas bayan haka ya ƙetare Sahara zuwa Mali, har ya bi ta Takedda. Mutum ɗaya, ba jirgin sama.

Tsakanin Koggala da Ahangama ne ake ganin masuntan nan da ke zaune a kan sanda a cikin ruwa, waɗanda hotonsu ke kan kowace takardar talla. Gaskiyar magana, yawancinsu yanzu ba kifi suke jira ba, kyamara suke jira. Ka ɗaga waya, wani ya fito daga inuwa ya faɗi kuɗi. Ban ga laifinsu ba, amma ban ɗauka ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu, Midigama

Na bar allon soso. Na sayi na hannu, mai tauri, ƙafa bakwai da rabi, daga wata Bajamushiya da za ta koma gida. Ana goga masa kaki a sama don kada ƙafa ta zame. Mai adaidaita sahu ya ɗaure shi a rufi da tsumman roba, ya ce haka kowa ke yi.

Malamina ya ce lokaci ya yi da zan bar kumfa in gwada taguwar da ba ta fashe ba. Ya kai ni wani wuri da ake kira Lazy Left, saboda taguwarsa a hankali take naɗewa zuwa hagu, ba ta gaggawa. Ƙasansa dutse ne da murjani, amma da zurfi. A nan na fara fahimtar abin da nake kallo wata uku. Taguwar da ake hawa ba iskar wurin ce ke haifar da ita ba. Guguwa ce can ƙuryar kudancin Tekun Indiya, dubban kilomita daga nan, take tayar da ruwa, motsin ya yi kwanaki yana tafe, yana daidaita kansa a hanya. Shi ya sa suke isowa ayari-ayari, uku ko biyar a jere, sai a yi tsit, sai wani ayarin. Idan ƙasan teku ya taso, gindin taguwa ya ja birki, kanta ya rinjaya gaba. Iskar wurin aikinta gyara ko ɓatawa. In daga tudu take busowa, kamar da asuba, sai ta riƙe fuskar taguwar ta yi sumul. In daga teku take, sai ta dagula komai. Dalilin damina da ranin da abokina ya faɗa ke nan.

Akwai kuma ladabi, kuma ba a rubuce yake ba. Wanda ya fi kusa da inda taguwa ta fara karyewa shi ke da ita. Na shiga gaban wani ba da sani ba, ya yi mini tsawa da harshen da ban sani ba, amma na gane. Malamina ya ce, "Aiya, dubi hagu, dubi dama, kamar tsallaka titi."

Na kama biyu, na faɗi a duka biyun tun kafin in miƙe. Wajen fitowa na taka bushiyar teku. Ƙaya bakwai a diddige. Wata tsohuwa mai sayar da roti ta matsa mini lemon tsami, ta cire huɗu da allura, ta ce sauran jiki zai narkar da su.

Lahadi, 25 ga Fabrairu, Dondra

Ƙafa ba ta warke ba, don haka ranar taswira ce. Na yi hayar babur daga Mirissa. Nan ne ake fita da jirgi kallon manyan dabbobin teku da ake kira wel, amma na ji labarin amai na fasa. Dondra ce ƙarshen ƙasar ta kudu. Hasumiyar fitilarta ta 1889 ce, mita 49, babu wadda ta kai ta tsawo a tsibirin. Na tsaya a kan duwatsun da ke gabanta na fuskanci kudu. Daga nan babu wata ƙasa sai Antatika. Can nesa manyan jiragen dakon kaya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, don babbar hanyar da ta haɗa Suwez da mashigin Malaka ta nan ta bi. Wataƙila shayinmu na cikin wani.

Na wuce Hiriketiya, ɗan lungu mai siffar kofaton doki, kwakwa ta sunkuyo har kan ruwa. Kyau kam akwai, amma alluna sun yi yawa har suna karo, kuma kuɗin kofi ɗaya zai ciyar da mutum shinkafa da miya sau uku a cikin gari. A Kudawella akwai wani rami a dutse da teku ke hurowa ta ciki, ruwa ya yi tsiri sama da ƙara kamar an buga gwangwani. Hummanaya suke ce masa. Layi ya kai Tangalle.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi. Na tambayi kaina ko mutum zai iya hawan ruwa bai haɗiye ba, na tuna tarihina, na ajiye allo a bayan ƙofa. A masallatan nan da kunun shinkafa mai kwakwa da nama ake buɗe baki, kanji sunansa. Ya kusa maye mini gurbin kunun tsamiya. Kusa dai.

Lahadi, 14 ga Afrilu, Weligama

Sallah ta wuce, ga kuma sabuwar shekarar Sinhalawa da Tamilawa, gari duk a rufe, sai ƙarar abin fashewa. Wata ɗaya da rabi ban shiga ruwa ba, hannu ya mutu. Amma ba ni kaɗai na canza ba. Iska ta fara juyawa tun ƙarfe tara, ruwa ya yi launin ƙasa-ƙasa, rabin rumfunan an kwashe. Malamina yana ɗaure allunansa a kan wata ƙaramar mota. Shi da abokansa gabas za su koma, Arugam, sai Oktoba su dawo. Duk shekara haka suke yi, kamar masu shanu da ke bin ciyawa. Ya ce in same shi can.

Asabar, 25 ga Mayu, Kolombo

Damina ta sauka sosai. Na je Galle Face, teku ya zama ruwan kunu yana dukan bango, jan tuta a ko'ina. Babu layin da aka ƙara.

Talata, 18 ga Yuni, Pottuvil

Doguwar tafiya, kuma ita ce mafi daɗi zuwa yanzu. Na bi ta kudu da gangan don in cike gibin Tangalle zuwa Hambantota. Abin mamaki, kana wuce Tangalle sai ƙasa ta sauya kamar an ja labule. Ruwan sama ya tsaya, kwakwa ta ragu, ƙaya da busasshiyar ciyawa suka karɓe, ga filayen gishiri fari fat. Duwatsun tsakiyar tsibirin ne ke tare hadarin, ya zube a yamma, gabas ta samu iska busasshiya. A Hambantota na hango tashar jiragen ruwan da aka ba wani kamfanin Sin haya na shekara 99 a 2017.

Daga Kirinda hanyar gaɓa ta ƙare, don gandun dajin Yala ya tare, mazaunin damisa da giwa. Dole a yi ciki ta Kataragama, Buttala, Monaragala, sannan a gangaro gabas. A hanyar Buttala wani toron giwa ya tsaya a tsakiyar kwalta, ba ya matsawa sai an miƙa masa ayaba ta taga. Direba ya ce kullum yana nan, ya fi ɗan sanda tsare hanya. Wannan yanki na Yala zai zauna babu jan layi, na haƙura da shi.

Pottuvil garin Musulmi ne, Tamil suke ji. Jiya na yi sallar layya da su. Wani dattijo da muka haɗa sahu ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, ya riƙe hannuna bai saki ba har gidansa. Na ci shinkafa da naman sa da wani zaƙi na kwakwa da ƙwai da suke kira watalappan. Kilomita kaɗan kudu da nan kuwa Arugam ce, titi ɗaya cike da Turawa ba riga, kiɗa har asuba. Garuruwan biyu gada ɗaya ce tsakaninsu, kuma yawancin masu adaidaita da masu masaukin da ke can daga nan suke zuwa. Na lura akwai allunan roƙo a bakin hanya cewa baƙi su suturta jiki idan sun shigo gari. Wasu na bi, wasu ko a jikinsu.

Da asuba na je kallon Main Point, babban wurin hawan ruwa na Arugam. Yanzu na gane abin da ya sa sunan wurin ya zagaya duniya. Wani ɗan tsinin ƙasa ne ya shiga teku, taguwar da ta taso daga kudu sai ta naɗo shi, ta riƙa warwarewa zuwa dama a hankali kamar ana buɗe tabarma, tsawon ɗaruruwan mita. Iskar daminar da ta lalata Weligama, a nan daga tudu take fitowa. Mutum kusan hamsin a ruwa tun kafin rana ta fito, yaran gari suna yawo a kan taguwa kamar a tsakar gidansu. Malamina ya dube ni ya ce ba bana ba. Ban yi musu ba.

Asabar, 6 ga Yuli, Okanda

Motar dare daga Kolombo, kilomita sama da 300, na iso a gajiye. Muka yi kudu da babur ta Panama, gonakin shinkafa, ɓauna a cikin taɓo, ɗawisu na tsallaka hanya kamar zabi. A Elephant Rock sai an ratsa bakin wani tafki kafin a kai ga yashi, kuma akwai kada a ciki, an rubuta. Na ɗaga allo a ka na wuce da sauri ina karanta duk abin da na haddace. Daga saman dutsen ana ganin gaɓa tana miƙewa babu gini ko ɗaya.

A Okanda, ƙofar dajin Kumana, muka tarar da ayarin masu ziyara a ƙafa. Daga can arewa wasunsu suka taso, yankin Jaffna, kusan wata biyu suna tafe a gefen teku, za su ratsa daji su kai wurin bauta na Kataragama. Tsofaffi, mata, ƙunshi a ka, wasu ba takalmi. Su ne ke bin ainihin layin da na kasa ja. Na duba taswirar da ke wayata na ji kunya kaɗan.

Lahadi, 21 ga Yuli, Whiskey Point

Sunan wurin bai yi mini ba, amma nan abin ya faru. Arewa da Pottuvil yake, tarin duwatsu a bakin ruwa, taguwa na karyewa daga gefensu zuwa dama a kan yashi, ba ta da faɗa. Mun shiga ƙarfe shida saura. Na yi kallona na minti goma, na ƙirga ayari biyu, na ga ta uku a kowane ayari ta fi girma kuma mutane sun riga sun ƙare a kan ta farko da ta biyu.

Na bar biyu suka wuce. Ta uku ta taso, na duba dama babu kowa, na juya na yi tuƙi. Akwai wani lokaci da allo ke daina zama nauyi, ya fara gudu da kansa. Na miƙe. Wannan karon ban kalli ƙafata ba, na kalli inda zan je, allon ya bi gefen taguwar maimakon ya gangara ya nutse. Bangon ruwa kore a dama da ni, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, ina jin ƙararsa tana fashewa a bayana. Malamina ya ce daƙiƙa goma sha biyu ne. Na ce ƙarya yake, ya fi minti. Na kama wasu uku kafin iska ta tashi, ɗaya ta kai ni har yashi.

Wata takwas, ƙaya bakwai a diddige, kuɗin mota da ban son in lissafa. Na sha ruwan kwakwar nan mai ruwan ɗorawa guda biyu a tsaye.

Litinin, 5 ga Agusta, Trincomalee

Allo ya zauna a Arugam, don arewa da can babu abin hawa sosai. Hanya ta bi tsakanin teku da tafkuna. Kattankudy gari ne na Musulmi a cunkushe, dabino a tsakiyar titi. Batticaloa na wuce ta da sauri, Pasikudah kuwa ruwa ne kwance, ka yi ta tafiya bai wuce ƙugu ba. Wannan gaɓa ta sha yaƙin basasar da aka yi daga 1983 zuwa 2009, sannan tsunami ta same ta kai tsaye. Har yanzu ana ganin kangaye da sansanonin soja.

Trincomalee na da ɗaya daga cikin manyan mashigan jiragen ruwa na halitta a duniya, shi ya sa Fotugal da Holan da Faransa da Ingila duk suka yi rububinta. A cikin tsohuwar ganuwar Frederick barewa masu ɗigo-ɗigo ke yawo ba mai korarsu, a can ƙarshe kuma wurin bautar Koneswaram na zaune a kan dutsen da ya yanke tsaye zuwa ruwa. Shuɗin ruwan wurin ban ga irinsa ba a duk inda na bi.

Litinin, 16 ga Satumba, Mannar

Hutun Mauludi. Na koma yamma na yi arewa: Negombo, Chilaw, Puttalam, na leƙa Kalpitiya inda iska ke da ƙarfi har wasan ya koma na lema, mutum ya ɗaura wata babbar lema a ƙugu ta ja shi a kan ruwa. Wannan kam na bar wa masu shi.

Mannar tsibiri ne a jikin tsibiri, gada ce ta haɗa su. Da na sauka daga mota sai na tsaya. Rana, ƙura, ƙasa a shimfiɗe, giginya, jakuna suna yawo a kasuwa ba mai su. Daga Talaimannar wasu tsibiran yashi suke jeruwa zuwa Indiya, kusan kilomita 30, ana kiransu Gadar Adamu. Teku a nan ba shi da taguwar da za ta ɗaga ko kwano.

Mai adaidaita ya ce zai kai ni in ga wata bishiyar mamaki a Pallimunai, wadda babu irinta. Muka sha kwana, sai ga kuka. Kuka dai tamu, gajera, kaurinta ya kusa mita ashirin in an zagaya, an kewaye ta da shinge. An ƙiyasta ta kai shekara 700, kuma ana cewa fataken Larabawa ne suka kawo irin daga Afirka. Sinhalawa bishiyar giwa suke ce mata saboda fatarta. Na tambaye shi ko suna miya da ganyen. Ya dube ni kamar na ce a dafa takalmi. Na yi masa bayanin shanyawa da daka da tuwo, ya yi ta dariya, amma ya kai ni wata ƙaramar kukar a bayan gari ya taya ni tsinka. Ganyen na nan a shimfiɗe a kan jarida a ɗakin masauki. Na aika wa Hajiya hoto, ta ce a inuwa ake shanyawa, kada in sa a rana ya yi ja.

Abin da ya rage a taswira: daga Mannar zuwa Jaffna da Point Pedro, sannan a gangaro ta Mullaitivu zuwa Trincomalee, sai gibin Yala, sai ɗigo-ɗigon Kalutara da har yau ban cike ba. Arewa na son kwana biyar a jere, kuma dole kafin ruwan Nuwamba ya sauka can. Na nemi hutu a makon biyu na Oktoba, ba a amsa ba tukuna. Allon kuma yana Arugam, malamina zai taho da shi Weligama idan sun yi ƙaura.